Gwanin Koke: Yadda Mai Babur Ke Karɓar Haƙƙinsa Daga Kamfani

A kusan kowace tashar 'yan acaɓa akwai mutum guda da ake nema idan sabon mashin ya fara ba da matsala. Sau da yawa karatunsa bai yi nisa ba, kuma bai taɓa zama a garejin kanikanci ba. Amma idan ya raka ka wurin dila, ko ya tsara maka takarda zuwa kamfani, sai ka dawo da sabon fistin ko sabuwar giya ba ka biya ko kwabo ba, alhali wani mai irin matsalarka ya je ya yi ta ɗaga murya ya dawo hannu rabbana. Abin da wannan mutum ya iya gwaninta ce ta gaske, kuma ana iya koyonta.

Shirinsa yana farawa tun ranar ciniki, lokacin da mashin ke sheƙi kowa na taya murna. Ba ya barin shago sai an ba shi rasit mai ɗauke da kwanan wata, da lambar inji, da lambar shasi, kuma sai ya durƙusa ya gwada abin da aka rubuta da abin da aka buga a jikin ƙarfen. Lambar shasi ta zamani tana da haruffa da alƙaluma 17. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera, na ƙarshe kuma su ne lambar wannan mashin a jerin 'yan uwansa. Da ita kamfani ke sanin babur, kuma harafi ɗaya da yaron shago ya kwafa ba daidai ba ya isa a ce ba a san da zamansa ba. Sannan yana karɓar littafin garanti, ya tabbatar dila ya buga hatimi. Idan aka ce masa babu littafi, ya gane irin shagon da ya shigo tun kuɗinsa na aljihu.

Littafin nan gwani yana karanta shi, ko ya sa a karanta masa. A ciki ake faɗin wa'adin garanti, watanni kaza ko kilomita kaza, duk wanda ya riga cika. A ciki kuma ake faɗin lokacin sabis na farko, wanda a yawancin ƙananan babura yake faɗowa tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000. A nan mutane da yawa ke zubar da haƙƙinsu ba su sani ba. Su juye baƙin mai a bakin titi don ya fi sauƙi, ranar da inji ya buga sai kamfani ya buɗe littafi ya ga shafin sabis fari fat. Gwani yana kai mashin inda kamfani ya amince, a yi aiki a buga masa hatimi. Ko wayar mita ce ta tsinke, a ranar yake gyara ta, domin mitar da ta tsaya ba ta iya shaidar cewa mashin bai wuce wa'adi ba.

Inda gwanintar ta fi burgewa shi ne wajen rarrabe laifi. Taya, fulogi, sarƙa, takalmin birki da faifan kuloci kaya ne masu cinyewa da aiki, kuma da wuya garanti ya ɗauke su. Gwani ba ya ɓata bakinsa a kansu. Amma sabon inji da ke shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ko giya mai fita da kanta, ko walda da ta tsage a jikin shasi ba tare da an yi hatsari ba, waɗannan alamun aibin ƙira ne. Akwai kuma kashi na uku da mutane ke mantawa. Babura da yawa a kwali suke isowa shago, a nan ake ƙarasa haɗa su. Noti da ba a ɗaure ba ko waya da aka maƙale ba daidai ba, laifin mai haɗi ne, kuma a kan dila yake. Wanda ya san waɗannan ukun ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Da matsala ta bayyana, gwani yana kame hannunsa. Ba ya bari bakaniken unguwa ya kwance inji don a "duba", saboda da zarar an ga alamar sifana a kan notin inji, kamfani ya sami mafita. Waya yake ɗaukowa ya naɗi ƙarar, ya ɗauki hoton hayaƙin da na mita, ya rubuta ranar da abin ya fara.

Sai maganar baki. Ba ya shiga shago da "kun cuce ni". Yana gaisawa, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce: "Alhaji, mashin ɗin da na saya a wajenka wata biyu ke nan, ga rasit, ga hatimin sabis. Cikin mako guda ya shanye rabin lita na baƙin mai. Ina so injiniyanku ya duba, a rubuta min abin da ya gani." Ya bai wa dila hanyar taimaka masa ba tare da jin kunya ba, domin shi ma dilan yana buƙatar hujjar da zai tura sama kafin a biya shi kayan da ya canja. Bakin da aka ce shi ke yanka wuya, shi ne kuma ke buɗe sito. Kuma duk ranar da ya bar mashin a wurin gyara, yana karɓar takardar da ta nuna ranar da aka karɓa da abin da aka ce za a yi.

Idan dila ya fara gobe-jibi, gwani yana hawa mataki na gaba. Bajaj da TVS kamfanonin Indiya ne, amma suna da manyan wakilai a Najeriya masu shigo da kaya da kula da garanti, Honda kuwa tana da masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Takardar da yake aika wa irin waɗannan ofisoshi shafi ɗaya ce: lambobin mashin, ranar saye, matsalar a jimla biyu, ranakun da aka kai gyara, sai buƙata guda, ko gyara, ko canji, ko mayar da kuɗi, tare da wa'adin mako biyu. Kwafi yake haɗawa, ainihin takardun suna gida. Idan ya ji wasu a tasha suna kuka da matsala iri ɗaya, sai ya tattara lambobin shasinsu. Mashin goma masu lambobi kusa da juna da aibi iri ɗaya, babu injiniyan da zai ce tuƙin mutum ɗaya ne.

Doka ma tana bayansa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, a canja, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun "ba a dawo da kaya" a ƙasan rasit bai shafe wannan haƙƙi ba. Hukumar tana karɓar koke ta intanet da kuma ofisoshinta, kuma jihohi irin su Kano suna da tasu hukumar. Gwani ba ya fara da barazanar zuwa can. Yana ambaton ta sau ɗaya a ƙarshen takarda, kuma idan wa'adi ya cika yana zuwa.

Ga wanda babur ne abincin gidansa, ko wanda ke biyan balas kullum, kwana goma a wurin gyara asara ce babba. Don haka ya kamata ƙungiyoyin masu babura su riƙa zaunar da sababbin shiga, irin waɗannan gwanaye su koya musu. Kai kuma mai niyyar saye, kada ka tayar da mashin daga ƙofar shago sai rasit da littafin garanti mai hatimi suna aljihunka.