Hannun da Ke Haɗa Injin GT-R

A watan Agustan 2025 aka fito da motar Nissan GT-R ta ƙarshe daga masana'antar Tochigi da ke Japan, bayan shekara 18 ana ƙera wannan samfurin da ake kira R35. Kamfanin ya ce jimillar waɗanda aka ƙera ta kai kusan 48,000. A wurin masu sayar da motoci wannan ba abin a zo a gani ba ne, domin Toyota Corolla kan wuce haka cikin wata guda. Wani adadin da kamfanin ya bayar tare da wancan shi ya fi ɗaukar hankalina: duk injinan nan, daga na farko har na ƙarshe, mutum 9 ne suka haɗa su da hannu, a wani ɗaki na musamman cikin masana'antar Yokohama. Japanawa na ce musu takumi, wato gwanayen sana'a. Kowane inji mutum ɗaya ne ke ɗaukarsa tun yana gangar ƙarfe babu komai a ciki, har ya ɗaure noti na ƙarshe. Daga baya ma sai aka riƙa manna wa injin ɗan farantin alminiyom mai ɗauke da sunan wanda ya haɗa shi.

Ba za a gane nauyin aikinsu ba sai an san abin da turbo ke yi wa inji. Ƙarfin inji daga ƙona mai yake zuwa, mai kuwa ba ya cin wuta sai da iska. Inji na yau da kullum, iskar da fistin ya zuƙo da kansa ita ce rabonsa. Turbo zuga-zugin maƙeri ne, sai dai ba ya buƙatar ɗan zuga: hayaƙin da ke kan hanyarsa ta zuwa salansa shi ke juya wata farfela, ita kuma sanda ɗaya ta haɗa ta da wata farfelar da ke ɗura iska cikin silinda da ƙarfin tsiya. Iska ta yawaita, a ƙara mai, wuta ta ƙaru. Duk wanda ya taɓa jin fiton da tirela ke yi tana hawan tudu da kaya, to ya ji turbo yana aiki. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905, amma sai da BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, Porsche 911 Turbo ta biyo baya a 1975, sannan ta zauna da gindinta a motocin gudu na Turai.

Yau ita ke riƙe da kasuwar. Dokokin rage hayaƙi sun matsa wa kamfanoni lamba su rage girman inji, masu saye kuma ba su yarda a rage musu gudu ba, sai turbo ya zama mafitar kowa. A 2015 Ferrari ta maye gurbin samfurin 458, mai inji lita 4.5 da ƙarfin doki 570, da samfurin 488, mai lita 3.9 da turbo biyu da ƙarfin doki 670. Inji ya ragu, ƙarfi ya ƙaru da doki 100. A shekarar ce Porsche ta sa turbo har a 911 Carrera, wadda a da ba ta da shi, kuma cinikinta bai ja da baya ba: a 2023 kaɗai an sayar da 911 fiye da 50,000, akasarinsu masu turbo. Ita kuwa GT-R ta shigo wannan fage a ƙarshen 2007 da inji mai silinda 6, lita 3.8, turbo biyu, ƙarfin doki 480. A Amurka kuɗinta bai wuce wajen dala 70,000 ba, a lokacin da 911 Turbo ke haura dala 120,000, ga shi kuma a filin gwaji na Nürburgring da ke Jamus ba ta bar mata hanya ba. Abin da ya fitar da sunanta ke nan.

Sai dai ƙarfin da turbo ke bayarwa ba kyauta ba ne, ƙarfe ne ke biya. Hayaƙin da ke dukan farfelar zafinsa kan kai digiri 900, farfelar kuma tana juyi fiye da sau 100,000 a minti. A cikin silinda matsi ya ninka, zafi ya ninka. Idan injin GT-R ya kai juyi 7,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe kusan sau 58 a daƙiƙa ɗaya. Ɗan kuskuren da ƙaramar motar haya za ta yi shekara goma tana yawo da shi ba ta damu ba, a irin wannan injin yana iya ƙona bawul ko ya cinye metal cikin 'yan watanni. Rayuwar injin duka ta rataya ne a kan 'yan tazarori da ido ba ya gani, kuma su ne ainihin abin da takumi ke haɗawa.

Ɗauki tazarar bawul. Injin yana da bawul 24, kuma tsakanin kowane ɗaya da ƙusumbin kamshaf da ke danna shi dole a bar ɗan sarari wanda bai kai rabin milimita ba. Dalilin shi ne ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. In sararin ya yi kaɗan, da injin ya yi zafi sai bawul ya kasa zama daram a mazauninsa. Bawul ɗin hayaƙi kuwa ta wurin zaman nan yake sauke zafinsa a jikin injin, saboda haka in bai zauna ba sai wuta ta bi ta gefensa ta cinye shi. In kuma sararin ya yi yawa, sai ƙara da lalacewa da raguwar ƙarfi. Ana auna wannan sarari ne da wasu siraran ƙarafa masu kauri daban-daban, a zura ɗaya a ja. Lambar da ke jikin ƙarfen kowa na iya karanta ta. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne sanin irin riƙon da ya kamata yatsa ya ji yayin jan: kada ya zame salin-alin, kada kuma ya cije. Mutum biyu za su auna bawul ɗaya da ma'auni ɗaya su ba da amsa biyu. Gwanin shi ne wanda hannunsa ke ba da amsa ɗaya a bawul na farko da na 24, da safe da kuma bayan la'asar, yau da baɗi. Inda bai ji daidai ba sai ya cire ɗan kofin ƙarfen da ke kan bawul ɗin ya sa wani mai kaurin da ya dace, ya sake aunawa. A ganina nan ne sana'ar ta fi kyau, domin bambancin da ake nema ya yi ƙanƙantar da ba a iya kwatanta wa almajiri shi da baki, sai dai ya yi ta ja har yatsunsa su koya.

A ƙasan injin ma haka abin yake. Karanshaf ba ya taɓa metal ɗin da yake juyi a kai. A kan ɗan siririn bakin mai yake yawo, kuma gurbin da man ke shiga, in ka raba milimita gida 100, bai wuce kashi 2 zuwa 5 ba. Ya matse, mai ya kasa shiga, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya saki, matsin mai ya zube. Don haka metal ɗin kansa kauri-kauri ake yin sa, kowane gurbi a zaɓar masa nasa gwargwadon awonsa. Bayan an ɗaure, sai mai haɗin ya juya karanshaf da hannunsa. Idan akwai inda ya ɗan cije a zagayen, ko da ma'auni ya ce komai lafiya, akwai magana, kuma sai an kwance an duba. Bangon silindar wannan injin ma ba irin wanda aka saba ba ne: maimakon hannun riga na baƙin ƙarfe, narkakken ƙarfe aka fesa a jikin alminiyom, kaurinsa wajen milimita 0.15, don zafi ya riƙa fita da sauri, nauyi kuma ya ragu. Bango irin wannan ba ya yafe karce. Mai zura fistin da ringinsa dole ya san a hannunsa lokacin da abu ke tafiya daidai da lokacin da ya kamata ya tsaya.

Ga kuma ɗaurin kan inji. Ba a kama noti ɗaya a ɗaure shi tamau a wuce na gaba. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, hawa-hawa, a zagayo a ƙara, don murfin ya kwanta daidai a kan gasket, kada wani gefe ya ɗaga. Har man liƙi da ake zizarawa a bakin murfi yana da ƙa'ida: ya yi kaɗan mai ya yoyo, ya yi yawa guntunsa ya ɓalle ya toshe hanyar mai.

Shi ya sa ɗakin da suke aikin yake a killace, ba ƙura, zafinsa kuma ba ya hawa ba ya sauka. Alminiyom ya fi baƙin ƙarfe saurin miƙewa kusan ninki biyu, saboda haka awon da aka yi da sanyin safiya ba zai yi daidai da na tsakar rana ba in aka bar ɗakin ya bi yanayi. Ƙwayar yashi ɗaya kuwa ta fi gurbin man karanshaf kauri. Kanikawanmu masu sauke inji a ƙarƙashin bishiya sun san wannan sarai, shi ya sa nagari a cikinsu ke wanke kowane ƙarfe ya lulluɓe shi kafin iskar hunturu ta taso. Hannu da kunne suna da su. Abin da Yokohama ta ba nata gwanayen shi ne ɗaki da lokaci. Sassa fiye da 370 ne ke shiga injin ɗaya, kuma kusan awa shida mutum ke yi a kansa, a masana'antar da tun buɗe ta a 1935 ta fitar da inji sama da miliyan 40, akasarinsu a kan layi mai gudu.

Akwai masu cewa duk wannan talla ce, ai na'ura ta fi hannu iya awo. Gaskiya ne na'ura ta fi iya awo, kuma su ma takumi da ita suke aiki. Sassan da ke zuwa gabansu na'ura ce ta sassaƙa su. Amma na'ura abin da aka ce ta auna shi take aunawa. Ba ta ganin ɗan tsinin ƙarfe da ya rage a bakin rami, ba ta jin noti da ya shiga da ɗan tauri fiye da 'yan'uwansa. Sannan a layin haɗi na yau da kullum inji kan bi ta hannu da yawa, kowa ya yi nasa ya tura gaba, in matsala ta ɓullo ba a san na wa ba ce. A nan kuwa wanda ya zaɓi metal shi ya sa fistin, shi ya auna bawul, yana riƙe da labarin injin duka a kansa, sunansa kuma zai bi motar duk inda ta je a duniya. Ba a kai mutum wannan matsayi don ya daɗe kawai. Lokacin da gwanayen suke su huɗu a ƙarƙashin jagoransu, Takumi Kurosawa, kamfanin ya ce shekarun aikinsu in an haɗa sun haura 100. Lissafin kasuwa ma ya yarda da tsarin: mota 48,000 a shekara 18 bai wuce inji goma sha wani abu a ranar aiki ba, abin da 'yan mutane kaɗan za su iya yi ba gaggawa.

Shaidar aikin tana jikin injin. Girmansa bai canza ba daga lita 3.8, amma ƙarfinsa ya tashi daga doki 480 zuwa 570, samfurin NISMO kuma ya kai 600. A Nürburgring motar ta zagaya cikin minti 7 da daƙiƙa 38 a 2007. A 2013 direba Michael Krumm ya kai NISMO minti 7 da daƙiƙa 8. Masu ƙara wa mota ƙarfi a gareji sun mayar da wannan inji abin ƙaunarsu, suna haura doki 1,000 da shi, ko da yake sai sun canza wasu kayan ciki.

Ba injin ne ya gaza ba, zamani ne ya wuce motar. Ostareliya ta daina karɓarta a 2021 saboda sabuwar dokar kariya daga karo ta gefe, Turai a 2022 saboda dokar ƙara, sannan aka daina ƙera ta Arewacin Amurka a 2024. Kafin nan kuɗinta a Amurka ya haura dala 120,000, rahusar da ta yi suna da ita ta tafi, ciniki kuma ya sauko daga sama da 1,700 a 2008 zuwa 'yan ɗaruruwa a shekara. Shugaban Nissan, Ivan Espinosa, ya ce sunan GT-R zai dawo, amma bai sa rana ba.

Sana'ar dai ba ta ƙare da ita ba. A garin Affalterbach na Jamus, sashen AMG na kamfanin Mercedes yana kan irin wannan tsari: mutum ɗaya ya haɗa inji ɗaya, ya sa hannu a farantin da ke kansa. Haka suke yi wa injinsu mai silinda 8 da lita 4.0, wanda aka cusa turbo biyunsa a tsakiyar injin, inda zafi ya fi taruwa. Haka kuma suke yi wa ƙaramin da suka fito da shi a 2019, mai silinda 4 da lita 2.0 kacal, girman injin motar gida, wanda turbo ɗaya ke matso ƙarfin doki 421 daga cikinsa.