Tarihi ko Waƙa? Sharhi a kan Fim ɗin Wasannin Tokyo

A watan Oktoba na 1964 aka yi wasannin Olimfik a birnin Tokyo, aka kuwa ɗora wa Kon Ichikawa nauyin ɗaukar hotonsu. Da fim ɗin, Tokyo Olympiad, ya fito a 1965 sai gardama ta tashi. Ministan da ke kula da wasannin, Ichiro Kono, bai gamsu ba, domin shi tarihi ya nema, watau wa ya ci, da minti nawa. Irin wannan lissafi yana da amfaninsa, don a cikinsa ne za a ga cewa a nan Nijeriya ta fara samun lamba, ta tagulla, ta hannun ɗan dambe Nojim Maiyegun.

A ganina aikin Ichikawa ya fi kusa da na makaɗan maza. Wanda duk ya taɓa tsayawa a filin kokawa da kaka, a Wurno ko Rabah ko Goronyo, ya sani ba yawan kaye kaɗai 'yan kallo ke komawa gida da shi ba. Abin da ke zama a bakinsu shi ne yadda wane ya shigo fili, da yadda ya cije sa'ad da ƙarfi ya ƙare. Haka Ɗan Anace ya raya sunan Shago. Haka kuma Ichikawa ya yi wa Abebe Bikila na Habasha a tseren kilomita 42: ya rage gudun hoton, ya daɗe a kan fuskarsa, gumi na ɗiga, har mai kallo ya manta da maganar agogo.

Akwai ma inda ya wuce makaɗi. Makaɗi gwaninsa yake wasawa, abokin karawa kuwa sau da yawa zambo ne rabonsa. Shi Ichikawa sai ya tsaya a kan mutumin Silon da ya zo na ƙarshe a tseren mita 10,000, yana zagaya fili shi kaɗai, jama'a na yi masa tafi.

Amma fa akwai aibi, kuma malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin ya kamata ya lura da shi. An keɓe wani sashe ga Ahmed Issa, mai tseren mita 800 daga Cadi, ƙasar da a lokacin shekararta huɗu da samun mulkin kai. Muna ganinsa yana motsa jiki, muna ganinsa yana cin abinci shi kaɗai, mai sharhi na faɗa mana abin da ke ransa. A filin dambenmu ɗan wasa da bakinsa yake kirari, ya faɗi ko shi wane ne kafin makaɗi ya ɗora. Ahmed Issa bai sami wannan dama ba. Tausayinsa aka sa muka ji, da harshen wani.