Labaran Talabijin a Lafia: Akwati Namu, Labari na Masu Shi

A wannan fitowa ina so mu duba wani abu da kusan kowane gida yake da shi a falo ko a shago, amma ba mu cika tambayar wa ke juya shi ba, wato labaran talabijin. Mu muka sayi akwatin, mu muke biyan kuɗin wuta da na kati, mu muke zuba wa janareta mai. To labarin da ake ba mu fa, na wa ne?

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane inda aka kwana. Talabijin ta fara a ƙasar nan a Ibadan a 1959. Gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Arewa a Kaduna a 1962. Mu nan, lokacin Lafia tana cikin Jihar Binuwai-Filato, gwamnatin Joseph Gomwalk ta kafa tasha a Jos a 1974, kuma ita ce ta fara nuna hoto mai kala a Najeriya a 1975. Ba a je ko'ina ba gwamnatin soja ta tarayya ta karɓe duk tashoshin nan ta haɗe su wuri guda, aka tabbatar da haka da Doka ta 24 ta 1977, aka sami NTA. Kundin tsarin mulki na 1979 ya sake ba jihohi damar buɗe nasu, shi ya sa Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yau ake kira ARTV. A 1992 aka kafa hukumar NBC, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, irin su AIT da Channels suka shigo. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, ta kafa tata tashar, NBS, ga kuma NTA Lafia ta tarayya.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga abu ɗaya: tasha tana sauya hannu, daga yanki zuwa tarayya, daga tarayya zuwa jiha, daga gwamnati zuwa attajiri, kuma duk hannun da ta faɗa, labari can yake karkata. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. In shago ya koma hannun wani, kayan da ake bajewa a gaba ma sai sun sauya, ko da yaron shagon bai sauya ba.

Matsala ta farko ita ce ta haɗa zare. Da ƙarfe tara na dare, tashoshin NTA na jihohi suna ajiye nasu shirin su jona da hedkwata a Abuja. Wannan yana da amfaninsa, don mutumin Lafia da na Sakkwato da na Kalaba za su ji magana ɗaya a lokaci ɗaya. Amma ku duba lokacin. Shi ne daidai sa'ar da magidanci ya rufe shago, ya yi Isha'i, ya ci tuwo, ya zauna. Mafi tsadar lokaci ke nan, kuma an ba Abuja. Labarin Doma ko Awe ko Assakio, in ya samu shiga, 'yan daƙiƙoƙi ne, da Turanci.

Ta biyu ita ce yadda ake jera labari a tashoshin gwamnati, kuma wannan ba ciwon jiha ɗaya ba ne, haka yake kusan ko'ina. Ba a jera labari bisa nauyinsa, ana jera shi ne bisa girman kujera. Mai girma ya karɓi baƙi, mai girma ya yi kira, mai girma ya jaddada. Daga nan sai mataimaki, sai kwamishina, sai shugaban ƙaramar hukuma. Kafin a zo kan gadar da ta karye ko gobarar kasuwa, mai kallo ya yi barci. Ba na ɗora laifin a kan ma'aikatan. Da yawansu mutanen kirki ne, sun san aikinsu. Amma wanda ke naɗa shugaban tasha shi ke biyan albashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙari a kan haka, tun zamanin SAP, ƙarshen shekarun 1980, aka ce tashoshin gwamnati su riƙa nemo wani ɓangare na kuɗin gudanarwa da kansu. Daga nan al'adar biyan kuɗi kafin a ɗauki taronka ta yi ƙarfi. Mai kuɗi ya yi bikin naɗin sarauta ya fito cikin labarai, talaka rijiyar unguwarsu ta ƙafe, babu mai kawo kyamara.

Kada a ce tashar ɗan kasuwa ta tsira. Mutanen garin nan ba su manta da watan Mayu na 2017 ba, lokacin da aka rushe ginin gidan rediyon Breeze FM a nan Lafia. Gwamnatin lokacin ta ce ƙa'idar gini aka karya, masu tashar suka ce siyasa ce. Ko wace ce gaskiyar, duk mai tasha ya ɗauki darasi.

Ta uku ita ce Hausar kanta. Sau da yawa labaran Hausa ba da Hausa aka rubuta su ba, na Turanci ne aka juya cikin gaggawa. Kalmomin namu ne, ginin jimlar na wasu. Tsohuwa za ta saurara har ƙarshe ta ce, to me aka ce? Alhali a garin nan Hausa ce harshen ciniki tsakanin Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Barebari masu gari.

Wani zai ce, Malam, ai mun huta, mun sa dish. Gaskiya ne. Tun da StarTimes na 'yan Sin suka haɗa gwiwa da NTA a 2010, aka kuma buɗe Arewa24 a 2014, gidaje da yawa sun koma can. Ita ma Arewa24 da tallafin gwamnatin Amurka ta fara kafin ta koma kamfani mai zaman kansa, kun ga ita ma tana da tarihin hannu. Hausarsu tana da daɗi, Daɗin Kowa ya shiga ran mata da yara. Amma tashar da ke Kano ko Kaduna ba za ta gaya maka ko hanyar Lafia zuwa Makurɗi ta buɗe ba, ko nawa aka sayar da kwaryar doya da buhun riɗi yau.

Nan ne haɗarin yake. In tasha ta yi shiru a kan abin da ya faru a bayan gari, WhatsApp ba zai yi shiru ba. Murya ɗaya da ba a san mai ita ba za ta zagaye gari cikin rabin sa'a, a rufe shaguna, iyaye su ruga makaranta ɗauko yara. A gari mai ƙabilu da addinai irin namu, jita-jita tana iya cin dukiya da rai, kuma mai shago a bakin hanya shi ke fara ɗanɗanawa. Addininmu ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, amma a ina za a bincika in masu kyamara suna ɗakin taro?

Dole a yaba inda aka yi daidai. Sanarwar ganin wata, bayanin tafiyar alhazai, kiran rigakafin yara da tafsirin azumi duk suna isa gidaje ta waɗannan tashoshi, Allah ya saka. Abin da muke roƙo ba shi da yawa. A ware minti goma kullum na farashin kasuwa da halin hanyoyi, da Hausar da aka rubuta da Hausa. In an biya kuɗi aka sa labari, a rubuta a ƙasa cewa an biya, kamar yadda mai awo na gari ba ya ɓoye mudunsa. In abu ya faru, a faɗe shi a ranar, a ji daga jami'an tsaro, a ji daga waɗanda abin ya shafa.

Mu ma da namu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna tara kuɗi don walima da kalanda. Me zai hana a haɗa a sayi rabin sa'a a mako, a gayyato masu ruwa da masu wuta da masu haraji su amsa tambayoyin jama'a kai tsaye? Tunda lokaci na sayarwa ne, mu ma masu saye ne. Ina roƙon shugabannin kasuwa da masu unguwanni su sa wannan cikin ajandar zama na gaba.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalam.