Ɓarawon Ishara: Sharhi a kan fim ɗin Netflix da rigimar Michigan

A ranar 27 ga Agusta 2024 Netflix ta saki wani fim na labarin gaskiya mai suna Sign Stealer, wato ɓarawon ishara, a cikin jerin shirye-shiryenta na Untold. Labarin Connor Stalions ne, tsohon kyaftin ɗin sojan Amurka kuma ƙaramin ma'aikaci a ƙungiyar ƙwallon jami'ar Michigan, wanda sunansa ya cika kafafen yaɗa labarai a ƙarshen 2023. Fim ɗin yana da daɗin kallo, wannan ba na musu. Sai dai an shirya shi ne don mai goyon baya ya tashi da ra'ayin da ya zauna da shi, kuma a ganina cutar da ta kama rigimar ke nan tun daga farkonta.

Ga wanda bai saba ba, ƙwallon da ake magana a nan ba irin wadda muke kallo a gidajen kallo na Maraɗi ko Garwa ba ce. Ita ce wadda ake runguma a ƙirji ana gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna ture juna. Kada kalmar jami'a ta ruɗe ka, mai karatu: filin Michigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601. Wasan yakan tsaya bayan kowane hari, koci ya aika wa 'yan wasansa umarnin hari na gaba. A gasar ƙwararru ta NFL, tun 1994 ana yin haka ta 'yar rediyo a cikin hular kwano. A jami'o'i kuwa, har zuwa 2024 da hannu ake yi, ko da alluna masu hotuna da ake ɗagawa a gefen fili. Duk wanda ya iya karanta isharar abokin hamayya ya san ko jifa za a yi ko gudu tun kafin a taɓa ƙwallo.

Karanta ishara a cikin wasa ko a hoton talabijin ba laifi ba ne, kusan kowace ƙungiya tana da mai yi mata. Abin da hukumar NCAA ta hana tun 1994 shi ne a tura mutum ya je da ƙafarsa ya leƙi wasan ƙungiyar da za a kara da ita nan gaba a wannan kakar. An kafa dokar ne don rage kashe kuɗi, kada makarantu masu hali su fi marasa hali. Ɗaukar ishara da na'ura ma haramun ne.

Ranar 19 ga Oktoba 2023 Yahoo Sports ta ba da labarin cewa NCAA na binciken Michigan. Ba a jima ba ESPN ta ambaci sunan Stalions, ta kuma ruwaito cewa ya sayi tikitin wasanni sama da 30 a makarantu 11 na rukunin Big Ten cikin shekara uku, da sunansa na gaskiya. Sai ga hoton wani mutum da baƙin tabarau da dare, cikin kayan ma'aikatan Central Michigan, yana tsaye a gefen fili ranar da suka kara da Michigan State. Stalions ya ajiye aiki ranar 3 ga Nuwamba, Big Ten ta dakatar da koci Jim Harbaugh wasa uku. Michigan ta ci duka ukun, har da Ohio State 30 da 24, ta kuma ɗauki kofin ƙasa ranar 8 ga Janairu 2024 bayan ta doke Washington 34 da 13. Wasa 15, babu faɗuwa ko ɗaya.

Magoya bayan Ohio State suna da lissafinsu. Sun doke Michigan sau takwas a jere daga 2012 zuwa 2019, sai ga shi a 2021, shekarar da aka ce an fara leƙen, an lallasa su 42 da 27, a 2022 kuma 45 da 23 a gidansu. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Na Michigan suka ce ai manyan nasarorin sun zo ne bayan an tona asiri, lokacin da kowa ya sauya ishararsa. Suka kuma riƙe labarin cewa wasu ƙungiyoyin sun taɓa miƙa wa Purdue isharar Michigan kafin wasan ƙarshe na Big Ten na 2022. Duk wanda ya taɓa zama a fada ko majalisa ana gardamar tuhume-tuhume 115 da ake wa Manchester City ya san wannan salon. Laifi tudu ne.

Har nan gardamar masoya ce, kuma ita ce gishirin wasa. Inda ta ɓaci shi ne lokacin da aka bar tambayar ko labarin gaskiya ne, aka koma tambayar wace ƙungiya ɗan jaridar yake so. Pete Thamel na ESPN, ɗaya daga cikin waɗanda suka bi diddigin tikitin, sai daga cikin filin wasa ya ba da rahoto ranar da shirin College GameDay ya je Ann Arbor, nesa da taron jama'a, saboda barazanar da ake yi masa. Abokin aikinsa Desmond Howard, tsohon gwarzon Michigan, ya yi masa ba'a a kan haka ana kallo kai tsaye. Gida ɗaya ke biyan su albashi. Ɗaya ya kawo hujja, ɗaya ya kawo rigar ƙungiyarsa, aka haɗa su a shiri ɗaya aka ce wa mai kallo duk aikin jarida ne.

Shi ya sa ba na ganin zargin magoya baya a matsayin hauka zalla. Gidajen talabijin ne suka saya wa kansu shi. Big Ten ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta ga Fox da CBS da NBC a kan kimanin dala biliyan 7 na shekara bakwai daga 2023, ESPN ta fita daga cikin cinikin bayan kusan shekara arba'in tana ciki. ESPN kuma ita ce ke da rukunin SEC, babban kishiyar Big Ten, a yarjejeniyar kimanin dala biliyan 3. Fox ce mai kaso mafi yawa a tashar Big Ten Network. To in ɗan Michigan ya ce ESPN na huce haushi ne, ko ɗan Alabama ya ce Fox na lallaɓa hajarta, wa zai ce tambayar ba ta da tushe? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba mamaki Yahoo, wadda ba ta nuna wasannin, ita ce ta fasa ƙwan Reggie Bush a 2006, ita ce kuma ta fara wannan.

Amma tambaya daban, amsa daban. Tikitin da aka saya da sunan Stalions yana nan a ajiye a kwamfutocin makarantu, ko ESPN na son Michigan ko tana ƙin ta. A nan ne fim ɗin ya kamata ya yi aiki, a nan ne kuma ya kwanta.

An ba Stalions kujera da fitila da lokaci. Muka ga iyayensa, muka ga yaron da ya tashi da son Michigan, muka ga ƙwallon yabo da Harbaugh ya ba shi bayan wasan Iowa na 2022. Wannan sashen ya yi kyau ƙwarai, domin ya nuna mana mutumin da so ya zame masa ciwo, wanda aka ruwaito ya rubuta kundi mai shafi kusan 600 a kan yadda zai jagoranci ƙungiyar wata rana. Da aka zo kan tikiti sai ya ce na 'yan uwa da abokai ne, in wani ya turo masa bidiyo to ba shi ya nema ba. Da aka zo kan hoton Central Michigan sai ya dube shi yana murmushi, ya nuna wai bai ma yi kama da shi ba. Masu fim suka bar murmushin ya zama amsa. Gaskiya sun sako Dave Portnoy na Barstool Sports, shi kansa ɗan gani-kashe-nin Michigan, yana cewa Stalions ya faɗa masa shi ne a hoton. Amma an sako shi ne kamar abin dariya, ba a koma an ƙure mai maganar da shi ba. Ɓangaren masu zargi kuwa, fuskar da aka fi ba su ita ce ta wani ɗan Ohio State da ya rufe fuskarsa, mai tono a intanet. Mai kallo zai ɗauka rigimar tsakanin masoyi mai wayo ce da maƙiyi mai ɓuya.

Fim ɗin ya fi zafi a kan tambayar wa ya kai ƙara. Washington Post ta ruwaito cewa wani kamfanin bincike mai zaman kansa ne ya kai wa NCAA takardu da bidiyo, ba ta faɗi wanda ya ɗauke shi aiki ba. Tambaya ce mai kyau, ya kamata a bi ta. Sai dai jita-jitar da 'yan Michigan suka yaɗa cewa dangin kocin Ohio State Ryan Day na da hannu, NCAA ta shaida wa Big Ten ba ta ga wata alaƙa ba. Kuma ko maƙiyinka ne ya nuna wa alƙali rumbun da ka ɓoye hatsin, hatsin dai na cikin rumbun.

Shekara guda bayan fim ɗin, ranar 15 ga Agusta 2025, NCAA ta fitar da hukunci. Ta ce an yi leƙe sau 56 a wasanni 52 tsakanin 2021 da 2023, Stalions ya kashe kusan dala 35,000 a kan tikiti a 2022 kaɗai, kuma shi ne mai baƙin tabarau. Yaransa masu ɗaukar bidiyo ma suna ya sa musu, KGB. Wato abin da Thamel da takwarorinsa suka rubuta ana zagin su ya tabbata, har ma sun rage. An ɗora wa Harbaugh takunkumin shekara 10, Stalions shekara 8, jami'ar kuma tarar da ta haura dala miliyan 20. Ba a karɓe kofi ba, ba a soke nasara ko ɗaya ba, don haka 'yan Michigan suka riƙe wannan, 'yan Ohio State suka riƙe 56 ɗin.

A cikin rahoton akwai abubuwa biyu da na so a ce masu fim sun kai gare su tun suna da mutumin a gaban kyamara. Sherrone Moore, wanda ya riƙe ƙungiyar a wasanni ukun dakatarwa ya kuma gaji Harbaugh, ya goge saƙonni 52 da suka yi musaya da Stalions lokacin da labarin ya fashe. Shi kuwa Stalions, wayar da masu bincike suke nema, ya ce a kududdufi ya jefa ta.