Jinjina ga Masu Tono Hujja a Waya

Tun da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya fayyace yadda kotunan Najeriya za su karɓi hujjar kwamfuta, aiki ya yi wa 'yan sanda masu binciken waya yawa. Masu garkuwa da mutane da 'yan damfara duk a waya suke barin sawu. Jami'an cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja sun cancanci yabo, domin sai sun kwafi bayanai ba tare da taɓa asalinsu ba. Masu ƙorafin jinkirin mayar da wayoyin da aka karɓa don bincike suna da gaskiya, domin wayar ɗan kasuwa jarinsa ce. Amma hujjar gaggawa lauya kan rushe ta nan take, shi ya sa jihohi ke buƙatar ƙarin ƙwararru da kayan aiki.