Suna da Shekara: Sharhi a kan Tsarin Madogara cikin Mujallun Ilmi

Duk wanda ya taɓa aika maƙala ga wata mujallar ilmi ya san takardar ƙa'idodi da edita kan haɗa shi da ita. Cikinta a kan ce, in an ɗauko magana daga wani littafi, sai a rubuta sunan zuriyar marubucin da shekarar bugu a nan take cikin baka, sa'an nan a ƙarshen maƙala a jera manazarta bisa tsarin abacada. A kan danganta asalin wannan tsari ga Edward Mark, masanin halittar dabbobi a Jami'ar Harbad ta Amurka, cikin 1881. Littafin ƙa'idodin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito cikin 2019, shi ne mujallu da yawa ke bi yau.

Tsarin yana da amfaninsa, ba a musun wannan. Ya taƙaita rubutu, ya rage hashiyar ƙasan shafi, kuma mai karatu na ganin shekara nan da nan, abin da ke da muhimmanci ga masu kimiyya, waɗanda binciken bana kan shafe na bara. Amma fa an gina shi bisa zato uku: kowane marubuci na da sunan zuriya, kowane aiki na da shekarar bugu guda, kuma wanda sunansa ke bangon littafi shi ne mai maganar. Cikin nazarin Hausa ukun nan duka su kan karye.

A fara da suna. Bahaushe na da sunan yanka, a kan bi shi da sunan uba, ko na gari, ko laƙabi, ko sarauta. Kadan aka juya shi kamar yadda a ke juya sunan Bature, sai a sami abin mamaki. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, da Bello Kagara, mai Ganɗoki, wa ne da ƙane, kuma dukansu sun shiga gasar ƙaga labari ta 1933. Ga shi kuwa tsarin ya ajiye ɗaya ƙarƙashin I, ɗaya ƙarƙashin K, watau ya raba 'yan'uwa da sunan neman zuriya. Tafawa Ɓalewa gari ne, Haɗeja gari ne, Zungur ma haka. Mai rubuta "Haɗeja, M." ya ba Mu'azu dangi da dukan mutanen garin. Fodiyo laƙabin mahaifin Shehu Usmanu ne, ma'anarsa malami da Fulatanci, kuma Nana da ke gaban sunan Asma'u kalmar girmamawa ce. Amma sau nawa a ke ganin "Asma'u, N." cikin manazarta, sai ka ce Nana ne sunanta na yanka? Waziri Junaidu kuwa, wani ya sa shi a W, wani a J. Ɗalibin kwalejin horon malamai da ya tafi laburare da irin wannan madogara sai ya yini yana nema.

Batun shekara ya fi wannan muni, domin yana ɓata tarihi. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri cikin 1812, ya rasu cikin 1837. Whitting ya buga nassin Larabcin a London cikin 1951. Marubucin da ya bi ƙa'ida ido rufe sai ya sa "Bello 1951", mai karatun da bai sani ba ya ɗauka wani malami ne na zamanin Razdan. Gaskiya ne littafin APA ya yarda a sa shekara biyu, ta asali da ta bugu, amma kaɗan ne ke kula da wannan, editoci kuma ba su cika tambaya ba. Ga waƙoƙin ajami abin ya ƙara wuya. Mawallafi kan ɓoye shekarar Hijira cikin ramzi a baitocin ƙarshe, kwafin da ke hannu kuma wani almajiri ne ya juya shi bayan shekaru masu yawa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, alal misali, Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Mutum uku, lokaci uku. Gurbi ɗaya na suna da gurbi ɗaya na shekara ba za su ɗauke su ba.

Zato na uku shi ne inda hakki ke salwanta. Ƙamus ɗin da kowa ke kira na Abraham ya fito cikin 1949 da suna biyu a kansa, R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi cikin 1962 sai sunan Abraham kaɗai ya rage. Tun da ya ke bugu na biyu ne ya fi yaɗuwa, "Abraham 1962" ya zama abin da hannu ya saba rubutawa, kuma kowane maƙala da ta maimaita shi ta ƙara binne malamin, ko da ya ke babu wanda ya yi nufin haka. Irin wannan ya sami Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda labaransa suka cika Magana Hausa na Schön na 1885. Ya sami Malam Shaihu, wanda ya rubuta wa Rattray tatsuniyoyi da ajami a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, aka buga su cikin 1913. Littafin Baba ta Karo na 1954 ma, a manazarta "Smith" ne, alhali kuwa Mary Smith da kanta ta sa sunan tsohuwar ya zama sunan littafin. Mai nazarin harshe da ya kawo jimla daga ɗayan waɗannan don ya kafa hujja a kan karin harshe, wajibi ne ya faɗi bakin wanda ta fito. Hausar Dorugu shaida ce a kan Hausar wani wuri da wani zamani, ta Schön kuwa Hausar mai koyo ce.

Sai kuma maganar baka. Ƙa'idar APA ta ce hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a ambace ta cikin rubutu kawai, kada ta shiga manazarta. Sakamakon haka, maroƙi ko makaɗin da aka zauna da shi wata guda ba ya cikin jeri, amma littafin da aka leƙa sau ɗaya yana ciki. Wannan baƙon abu ne ga ƙasar da malamanta suka saba da isnadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusuhi musamman don ya lissafa malaman da ya karanta wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu.

Gyaran bai kai a yar da tsarin ba, kuma yana hannun editoci. Sunan Bahaushe a bar shi yadda mai shi ya ke rubuta shi, a jera shi da sunan yanka, sai fa in shi da kansa ya zaɓi wani ya mai da shi na zuriya, kamar yadda malaman jami'a da yawa suka yi. Tsohon aiki a ba shi shekara biyu. Rubutun hannu a faɗi inda ya ke ajiye, da lambarsa in yana da ita, da sunan wanda ya juya shi. Hira a buɗe mata sashe nata cikin manazarta, da suna da gari da rana, in mai maganar ya yarda. A kuma tsai da shawara guda a kan mazaunin ɓ da ɗ da ƙ cikin abacada, a tabbata lanƙwasarsu ba ta zube a maɗaba'a ba, domin Ɗanladi da aka buga da D maras lanƙwasa ya riga ya koma wani gurbi cikin jerin.