Ƙurar Arlit a idon Amina Weira

A 2005 Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, ya fito da fim ɗin Arlit, deuxième Paris, inda ya duba garin da idon baƙo. A 2016 kuwa Amina Weira, ƴar garin, ta kawo La colère dans le vent, wato fushin da ke cikin iska.

Ƙarfin fim ɗin yana ga haƙurinsa. Mahaifinta, tsohon ma'aikacin ramin uraniyom, shi ne jagora, kuma ba ta matsa masa da tambaya fiye da yadda ɗiya za ta yi wa uba. Ta bar iska da ƙura su ba da shaida, tare da maƙeran da ke sarrafa ƙarafan da aka fitar daga ma'adinai su zama kayan gida. Babu wanda ya gani da ido abin da ke cikin ƙarfen, kuma wannan rashin gani shi ne abin tsoron.

Sai dai kyamarar ta tsaya a Arlit. Ba ta bi gangunan uraniyom da a lokacin ake kaiwa tashar ruwan Kwatano ba, balle ta isa Faransa, wadda mafi yawan lantarkinta daga nukiliya yake. Mai kallo ya ga masu shaƙar ƙura, bai ga masu kunna fitila ba.

An rufe Cominak a 2021, gwamnati ta karɓe Somaïr daga hannun Orano a 2025. Tsibin sharar ma'adinan yana nan bayan gari.